Ƙafar da Ta Fara Shiga Gidan Gwaggo Diep

A wani lungu da ke bayan titin Bui Vien a birnin Saigon, inda Turawa 'yan jakar baya suke kwana shan giya a kan kujerun roba, akwai wani siririn gida mai hawa biyar da ake saukar baƙi. Gwaggo Diep ce mai gidan. Ƙofar kuwa ta Kawu Sau ce, ko da yake ba a rubuta hakan a ko'ina ba.

Ainihin sunansa Lam Van Thoai, amma tun yana yaro ake kiransa Sau, wato Shida a yarensu, lambar haihuwarsa a ɗakinsu, har sunan ya bi shi Saigon. A wani ƙauyen kwakwa aka haife shi, can Ben Tre. Ya shigo birni yana saurayi, ya kama tuƙa keken ɗaukar mutane mai ƙafa uku, fasinja a gaba shi a baya. A bakin fasinjoji ya tsinci Turancinsa. Da hukuma ta hana irin kekunansu bin manyan tituna sai ya koma acaɓa. Ya yi shekaru a kan babur, har idanunsa suka fara gazawa, in dare ya yi fitilun motoci su narke masa su zama abu guda. Ranar da ya daki amalanken mai rake da ke ajiye a gefen hanya, ranar ya jingine babur ɗin. Gwaggo Diep, wadda ya daɗe yana kaiwa kasuwa, ita ta ce ya zo ya riƙe mata ƙofa.

Aikin ba shi da wuya, barci kawai yake ci. In dare ya raba sai ya zuge ƙofar ƙarfe, ya sa kwaɗo, ya shimfiɗa gadonsa na naɗewa tsakanin firiji da baburan haya. Wanda ya dawo ya bubbuga ƙarfen, ya tashi ya buɗe, ya kulle, ya koma ya kwanta. Baƙi suna cire takalma a gindin bene, shi kuma da takalman yake sanin mutanensa. Da gari ya waye yakan dubi jerin ya san wanda bai dawo ba. In takalmi ya dawo ƙafa ɗaya, to akwai labari.

Duk wanda ya sauka a gidan sai ya ji huɗubar Kawu Sau kafin ya fita. Jaka a ratayo ta ɓangaren bango, ba ɓangaren titi ba. Waya a aljihu. Kwalbar da ba a buɗe a gabanka ba, kada ka kai ta baki. In za ka tsallaka titi ka tafi a hankali, kada ka tsaya, kada ka ruga, babura za su kauce maka. Sukan yi dariya su ce sun gode, wasu su ɗauki hotonsa. Daga baya sai su dawo masa da gwiwa a kurje saboda masu fizgen jaka sun ja su a ƙasa, ko da ƙunar salansa a ƙwauri, ko babu walat sai wani dogon bayani a kan wata mace mai kirki da suka haɗu da ita a mashaya. Bai taɓa ce wa kowa ai na gaya maka ba. Yakan ɗauko ƙanƙara da auduga, ya durƙusa. Da sun tafi wasu su zo, masu irin jakarsu da irin dariyarsu, ya sake huɗubar daga farko.

'Ya ɗaya suka haifa shi da matarsa Lua, sunanta Lanh. A wani kantin ɗinki take aiki, kuma kullum a hanyarta ta zuwa takan biyo ta lungun ta ajiye masa shinkafa mai zafi a kwano mai murfi, ta ce, "Baba, ka aske gemun nan, kana tsorata musu baƙi." A daminar da ta wuce zazzaɓin sauro ya kama ta. Ta ɗauka gajiya ce. Da aka kai ta asibiti jini ya riga ya fara fita ta dasashinta. Ba ta cika mako ba. Shekarunta ashirin da uku.

Ɗaki ɗaya ne gidansu, a ƙetaren gada, bakin wata kwata mai wari in ruwa ya janye. Yanzu hoton Lanh yana bisa kabad, da kofin ruwa da ɗan kwanon shinkafa a gabansa, Lua tana sauya su safe da yamma. Tun da aka yi rasuwar Kawu Sau bai iya barci a ɗakin ba. In ya kwanta can, barcin yakan yi tsawo har ya kai shi inda ba ya son zuwa. A bayan ƙofar Gwaggo Diep kuwa gutsure-gutsure barcin yake zuwa, kafin mafarki ya haɗu wani bugagge ya bubbuga ƙarfe. Wannan ne ya riƙe shi a tsaye. Bai gaya wa kowa ba, amma ya san in ya rasa ƙofar nan ba shi da inda zai sa kansa.

Ana saura 'yan kwanaki Tet, sabuwar shekara, gari ya fara zubewa. Masu shara da masu wanki duk sun kama hanyar ƙauyukansu. Baƙin gidan suka watse, wasu bakin teku, wasu kan tsaunuka, har ya rage yarinya ɗaya a hawan ƙarshe, wata 'yar Holan mai suna Femke. Gwaggo Diep ta sa aka jera tukwanen furanni masu ruwan ɗorawa a bakin ƙofa, sannan ta kira shi.

"Sau, zo in gaya maka magana, kada ka ɓata rai."

"Yaya, wannan fuskar tawa ko na ɓata wa zai gane?"

Ba ta yi dariya ba. Ta shafa gwiwoyinta, waɗanda suka kumbura har ta yi shekaru ba ta hau saman gidanta ba. A ɗakin baya mijinta yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye tun bara waccan.

"Ka ga yadda shekarun nan suka yi da ni," in ji ta. "Bara wani Bature ne ya fara shigo min, a buge, yana amai a kan tabarmar ƙofa. Ka ga abin da ya biyo baya. Bana na je wurin mai duba. Ya ce shekarar haihuwar Malam Khiem ta dace da tawa, shi zai fara taka min gida. Mutum ne mai sanyin hali, ya yi koyarwa har ya yi ritaya, matarsa na raye, 'ya'yansa duk suna—"

Ta tsaya. Ta kai hannu ta gyara wani fure da bai karkace ba.

"Na gane, Yaya," in ji shi.

Ya gane ɗin. Kowa ya san wanda ya fara taka gida bayan shekara ta juya shi ke shigo da rabon gidan na shekarar, kuma wanda aka yi wa rasuwa ba ya shiga gidan mutane a kwanakin Tet, balle ya zama na farko. Shi ma da gidansa ne haka zai yi.

"Ka je gida ka huta kwana ukun nan. Lua na bukatarka. Ni zan kulle da kaina, ba zan buɗe wa kowa ba sai Malam ya zo da hantsi. Ka gaya wa yarinyar, ko ta shigo kafin dare ya raba, ko ta jira Malam."

Da ya gaya wa Femke sai abin ya burge ta. Ta sa ya maimaita, ta ce ai ita dama rawa za ta yi har safe. Ya ce jaka ɓangaren bango. Ta ce ta sani, Kawu, ta sani.

Daren jajibiri ya yi shi a gida. Suka jera wa kakanni abinci, naman alade da ƙwai, da kankana, da dunƙulen shinkafa mai danƙo a ganyen ayaba. Lua ta ƙara kwano ɗaya da tsinken cin abinci. Shi a dokin ƙofa ya zauna har hayaniyar wasan wuta ta lafa. Gari na fara haske ya ɗauki kekensa ya haye gada.

Bai yi niyyar komai ba. So yake ya ga ƙofar kawai. Titin yana nan yadda daren ya bar shi, kwalabe da kofunan roba da tokar takardun da aka ƙona wa kakanni, hayaƙin turaren wuta da na baruɗi ya tsaya a lungu kamar hazo. Duk shaguna a rufe, sai Inna Muoi mai kofi, wadda ba ta taɓa rufewa ba ko ranar da ta aurar da 'yarta.

"Kai da aka ba hutu, me ya kawo ka?" in ji ta. "Ko matar ce ta koro ka?"

"Kofinki na zo sha, in ji ko sabuwar shekara ta gyara shi."

"Tsohon banza. Zauna can, kada ka shigo min ƙarƙashin rumfa."

Da wasa ta faɗa, amma sai da ta sa ƙafa ta tura masa kujera har ta wuce inuwar rumfar. Sannan ta zuba masa madara fiye da kullum. Ya zauna yana kallon ƙofar Gwaggo Diep a zuge, da kwaɗon a ciki. Ɗan makullin yana rataye a wuyansa, a zaren da ya saba.

Kofin bai kai rabi ba ya hango ta. Tana bin bango da hannu, tana tsayawa, tana sake tafiya. Babu jaka a kafaɗarta, igiyar ce kawai ta rage a hannunta. Da farko ya ɗauka maye ne. Da ta matso ya ji ƙarar numfashinta, siririya kamar ana busa ta cikin kara, sai ya ajiye kofin ya tare ta.

Ta zame ta zauna a ƙasa, ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta suna ɗagawa. Ta kai hannu bakinta tana danna babban yatsa. Kalma ɗaya-ɗaya take iya fitarwa. Babur. Jaka. Magani a ciki. Akwai wani. Ɗaki. Koriyar jaka, banɗaki.

"Mene ne take cewa?" in ji Inna Muoi.

"Asma gare ta. An fizge jakar da maganin shaƙarta. Wannan hayaƙin ne ya tayar mata. Yi sauri babban titi ki samo mota."

"Mota yau? Wa zai fito yau?"

"Je ki dai, Yaya."

Ta tattare ƙafafun wandonta ta tafi, tana faɗar abin da bai ji ba. Shi kuma ya kama yarinyar ya kai ta bakin ƙofar, ya jingine ta da tukunyar fure, ya bubbuga ƙarfen. A duk shekarunsa a gidan wannan ne karo na farko da ya bubbuga ta daga waje.

Gwaggo Diep ta leƙo ta tsakanin sandunan, sanye da doguwar rigarta ja ta sabuwar shekara, gashinta a gyare. Ta dube shi, ta dubi yarinyar. Ya yi mata bayani a gajarce.

"Ku kai ta asibiti," in ji ta.

"A kan keke? Muoi ta tafi neman mota. Kantunan magani duk a rufe. Maganin yana sama, Yaya."

Ta ɗauko waya ta kira Malam Khiem. Kawu Sau yana jin muryar matarsa ta cikin wayar tana cewa Malam na wanka, kuma ai lokacin da mai duba ya faɗa bai yi ba. Gwaggo ta ce ya taho yanzu, ko da jiƙaƙƙen kai. Amma gidansa a ƙetaren kogi yake.

Ta ajiye wayar. Ta dubi benen da ta daɗe ba ta taka ba.

"Ni zan hau," in ji ta. "Koriyar jaka ka ce?"

"Koriya. A banɗaki."

Ta naɗe rigar a ƙugu ta kama ƙarfen bene. Yana jin ta. Silifa ya ja, ƙarfe ya yi ƙara, shiru, silifa ya sake ja. Ya durƙusa gaban Femke yana ce mata a hankali, a hankali, ja ta hanci, abin da ya ga ana faɗa. Ta riƙe hannun rigarsa. Ƙarar numfashin ta fara raguwa, kuma ya san wannan ba sauƙi ba ne, iskar ce ta daina shiga. A sama silifan ya yi shiru, shirun ya daɗe.

"Yaya?"

"Ina hawa na biyu." Muryar ta sauko a karye. "Bari in numfasa. Zan tashi."

Ya dubi bakin lungu, babu Inna Muoi. Ya dubi leɓunan yarinyar. Ya san wannan launin, ya taɓa zama a gefen gado yana kallon yadda yake yaɗuwa.

Ya ciro zaren daga wuyansa, ya zura hannu ta tsakanin sanduna, ya buɗe kwaɗon. Ƙofar ta yi kukan da ta saba. Ya cire takalmansa a waje ya jera su, sannan ya shiga.

A hawa na biyu ya iske ta zaune a kan matakala, ta miƙe ƙafa ɗaya, gumi ya jiƙa mata hoda. Ta janye ƙafar don ya wuce. Bai dube ta ba, ita ma ba ta dube shi ba. Ya kai hawan ƙarshe ƙirjinsa na zafi, ya buɗe ɗakin da makullin gida, ya zazzage koriyar jakar a cikin kwamin wanke hannu. Maganin shaƙar yana can ƙasa, shuɗi, tsakanin man goge baki da tsintsiyar kunne. Ya sauko, ya sake wuce ta.

Shi ya riƙe wa yarinyar shi a baki. Ta fesa, ta jira, ta sake. An ɗau lokaci kafin kafaɗun su sauka. Sai ta fara tari, daga tarin ta fara kuka, shi kuma ya zauna dirshan a ƙasa kusa da ita. Inna Muoi ta dawo babu mota. Ta ga ƙofa a buɗe, ta ga takalmansa a jere a waje da ƙafafunsa tsirara, ta rufe bakinta da hannu.

Gwaggo Diep ta sauko a zaune, matakala bayan matakala. Da ta iso ƙasa ta miƙe, ta warware rigarta, ta gyara gashi. A kwana ukun Tet ba a faɗa, ba a zagi, ba a ɗaga murya, don abin da baki ya fara da shi da shi zai ƙare shekara. Ta haɗa hannuwa a ƙirji.

"Ina yi maka fatan lafiya da tsawon rai a sabuwar shekara, Sau."

"Ina yi miki fatan arziki da kwanciyar hankali, Yaya."

Ta zuge ƙofar, ta mayar da kwaɗon. Femke ta zauna a kujerar Inna Muoi tana shan ruwan zafi, tana ta gode wa kowa.

Da hantsi Malam Khiem ya iso, cikin shuɗiyar riga mai sheƙi, gashinsa ya bushe. Aka buɗe masa. Ya ɗaga ƙafar dama a tsanake ya taka, ya zagaya falon, ya jero gaisuwar da ya shirya, wadda ta ƙunshi arziki da lafiya da cikar ɗakuna. Gwaggo ta ba shi shayi da jan ambulan na kuɗin barka da sabuwar shekara. Babu wanda ya gaya masa komai. Kafin azahar duk lungun ya sani, sai shi.

"Tunda ka shigo, ka zauna," Gwaggo ta ce wa Kawu Sau da yamma, tana murmushi. "Ka kula da ita, kada abin ya dawo mata."

Haka ya shimfiɗa gadonsa a inda ya saba. Kwana ukun nan ba a taɓa kyautata masa kamar su ba. Ta riƙa aiko masa da abinci daga teburinta, tana kiransa ƙanena. A rana ta biyu zazzaɓi ya rufe mijinta. A rana ta uku firijin falo ya yi wani gurnani ya mutu, ruwa ya malalo ƙarƙashin gadon. Gwaggo ta dubi ruwan, ta ce ai dama ya tsufa, ta yi murmushi. Shi ya goge da tsumma, kuma yana gogewa yana jin cewa shi ya jawo. Ba wai ya yarda gaba ɗaya ba ne. Amma firijin ya yi shekaru yana aiki.

A rana ta ukun Femke ta haɗa kayanta, za ta hau jirgin ƙasa zuwa arewa. Ta rungume shi a bakin ƙofa, ta ce ba za ta manta da shi ba, ta ce al'adar nan ta ƙafar farko tana da kyau ƙwarai, ta ji daɗi da ta ga malamin ya shiga. Ya ce ta raba maganin wuri biyu, ɗaya a aljihun wando. Ta ce ta sani, Kawu. Ya tsaya har ta fita lungun da sabuwar jakarta a ɓangaren titi.

Washegari masu shara suka dawo, aka kwashe tokar da kwalaben. Gwaggo Diep ta zauna a kujerarta ta falo, babu hoda, babu jar riga. Ta kira shi. Bai zauna ba sai da ta nuna masa kujera.

"Jikin Yaya ya yi sauƙi?" in ji shi, yana nufin mijinta.

"Zazzaɓin ya sauka." Ta ɗago ta dube shi. "Sau, da ban tsaya a benen nan ba, da ba ka shigo ba. Na sani. Da yarinyar ta mutu a bakin ƙofata, da wannan ya fi komai muni. Shi ma na sani. Ba sai ka faɗa ba."

"Ban ce komai ba, Yaya."

"Ka taɓa cewa komai? Shi ne abin haushinka." Ta shafa gwiwa. "Kwana uku ina murmushi har muƙamuƙina ya yi ciwo. Firiji ya mutu, na dube ka. Maigidan ya yi tari da dare, na tuna ka. Na san bakina. Shekarar nan duk abin da ya fashe a gidan nan, ƙafarka zan kalla, kuma wata rana zan faɗi abin da ba zai ɗauku ba. Na san ka tun kana da baƙin gashi. Ba na so mu ƙare haka."

Ya dubi ƙafafunsa. Farcen babban yatsa ya tsage, bai lura ba sai yanzu.

Ta ci gaba: "Ɗan ƙanwata zai zo daga Long An ya kwana a ƙofar. Zuwa ƙarshen shekara kawai. In shekara ta juya, sai mu gani."

Ya san yaron, yana da mata da jariri kuma ba shi da aiki. Wanda ya samu irin wannan wuri ba ya tashi. Ita ma ta san haka.

"Akwai wani mai wurin ajiye babura a kasuwar Tan Dinh, yana neman mutum," in ji ta. "Aikin rana ne. Ka riƙa kwana a gidanka kamar kowa."

"Aikin rana," in ji shi.

"A shekarunka ai ya fi maka."

"Haka ne, Yaya."

Ya ciro zaren ya ajiye mata a kan tebur. Ya ce a gaya wa yaron ƙofar tana cijewa a tsakiya, sai an ɗan ɗaga ta. Ya ce kada ya buɗe wa baƙo da wanda ya biyo shi sai ya ga fuskar na biyun a haske. Ya so ya ƙara, sai ya ga ba ta ji, idonta yana kan bango. Ya naɗe gadon, amma na gidan ne, sai ya jingine shi a bayan mataccen firijin.

Inna Muoi ta ga ya fito da ƙullin kayansa a bayan keke.

"Ina zuwa da rana tsaka, tsoho?"

"Gida."

"Zo ka sha kofi. Shigo ciki, rana na dukanka."

"Gobe," in ji shi.

Ya tura keken har kan gada, don ƙullin ya hana shi hawa. Ruwan kwatar ya janye. Da ya isa, Lua tana zaune a ƙasa tana tsince ganye a faranti. Ta dubi ƙullin, ta dube shi, ba ta tambaya ba. Ya ajiye kayan a kusurwa. Ya daɗe a tsaye a tsakiyar ɗakin, bai san inda ake zama ba.

"Ruwanta ya kai a sauya," in ji Lua, ba ta ɗago ba. "Hannuna da ƙasa."

Ya ɗauko kofin daga gaban hoton, ya zubar a bakin ƙofa, ya ɗauraye, ya cika, ya mayar. A hoton tana sanye da rigar makaranta, ta ɗan karkata kai. Bai taɓa tsayawa kusa da shi haka ba.

Da magariba suka ci abinci. Lua ta shimfiɗa tabarma, ta saukar da gidan sauro, ta kwanta ta fuskanci bango kamar yadda ta saba ita kaɗai. Can sai ta matsa, ta bar masa ɓangaren ƙofa. Ya shiga ya kwanta a rigingine, ya ɗora hannuwa a ƙirji. Unguwar tana yin shiru da wuri, kuma babu wanda zai tashe shi kafin safiya.